Waiwaye: Yadda Kano ta cike kududdufanta

Duk lokacin da aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta har gidaje suka rushe a birnin Kano, sai muhawara ta koma kan toshewar magudanai da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa, ana magana kamar jiya abin ya fara.

Tarihin farko sananne ne. An soma gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, an tsara wa birni da kewaye shirin raya gari na shekara 20 a 1963, sannan ambaliyar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, ta nuna ɓarnar da ruwa ke iya yi.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne lokacin da Kanawa suka bar ginin ƙasa suka rungumi bulo da siminti, musamman da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970. Akasarin kududdufan birni ramuka ne da magina suka haƙa domin ɗibar ƙasar tubali da ta yaɓe, kuma tunda gidan ƙasa yana bukatar gyara kafin kowace damina, ramin bai daina zurfi ba. Idan ruwa ya sauka, kududdufi ne ke tare na unguwa, ya riƙe shi ya tsuma a hankali, ragowar kuma ta gangara rafin Jakara. Da aka daina bukatar ƙasar, sai ya zama juji mai wari da sauro, har maƙwabta suka ƙosa da shi, kuma ba za a ga laifinsu ba. Da shara ta cika shi sai aka ga fili, da fili ya yi tsada sai aka yanka fuloti. A ganina nan gizo ke saƙa, domin an ɗauki kududdufi ramin banza ne, alhali aikin magudana yake yi.

Yau idan ana zancen birni na zamani, hankali ya fi karkata ga lantarkin hasken rana, irin tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023. Ci gaba ne, sai dai kududdufan da suka rage ba sa samun irin wannan kulawa, ga shi kwanon rufi da daɓen siminti suna ƙara tura ruwa cikin lunguna, inda yake kwana a zaure da tsakar gida.