Me ake nufi da "kiwo fiye da ƙima"?

Duk lokacin da aka taɓo zancen gurgusowar hamada a rediyo, sai ka ji an jero dalilai uku: sare itatuwa, ƙarancin ruwan sama, da kiwo fiye da ƙima. Biyun farko kowa ya gane su. Na ukun ne ake wucewa da shi da sauri, har mai sauraro ya ɗauka shanu ne suka yi yawa kawai, ko kuma ana ɗora wa makiyayi laifi ne a fakaice.

Ma'anarsa ita ce dabba ta sake cin ciyawa tun ciyawar ba ta farfaɗo daga cin farko ba. Yawan dabbobi yana ciki, amma hutun ƙasa ne babban mizani. Shanu ɗari da suka yi kwana biyu a fage suka wuce, ba su dawo ba sai bayan wata biyu, ɓarnarsu ba ta kai ta tumaki ashirin da ke zagaye wuri ɗaya damina da rani ba.

Ɗauki gindin gamba, wadda muke saƙa zana da ita. Ganyenta ne ke haɗa abinci da hasken rana ya tura wa saiwa ajiya. Saniya ta zo ta naɗe ganyen da harshe ta fizge, sai gindin ya ɗebo daga ajiyar nan ya fitar da toho. To, tohon nan ya fi komai daɗi a bakin dabba, don haka shi za ta fara nema in ta dawo. An ci na biyu, an ci na uku, ajiya ta ƙare, saiwa ta gajarce ta kasa kaiwa ga danshin da ke can ƙasa. Rani na tsananta sai gindin ya bushe, ka sa hannu ka tuge shi ba wahala. Tumaki sun fi shanu tsanani a nan, domin su har ƙasa suke gwaguya. Ciyayin da ke rayuwar damina ɗaya kuwa, irin su kyasuwa, da iri suke dogara. In aka cinye su kafin su zubar da iri, baɗi sai a ga tsiro jefi-jefi.

Dabba tana zaɓe, shi ya sa fagen ba ya mutuwa lokaci ɗaya. Abin da take so shi ke fara ɓacewa, abin da take ƙi ya samu fili: tumfafiya, tafasa, rai-ɗore. Matafiyi zai hango wurin kore shar a watan Agusta ya ce ai daji lafiya lau. Makiyayi kuwa ya san shanunsa da yunwa za su kwana.

Sai ƙasa. Busasshiyar ciyawa da ke kwance a kanta ita ce rigarta, tana tare zafin rana, tana rage ƙarfin ɗigon ruwa, in ta ruɓe ta zama taki. Idan aka lashe ta, kofato ya yi ta daddaɓe wurin, ruwan farko zai faɗo kan tsirarar ƙasa ya toshe 'yan kafofin da take shan ruwa da su. Rana ta fito, saman ya yi ɓawo. Daga nan ruwa ba ya shiga, gangarawa yake yi yana yankar kwazazzabo. Wannan shi ne fako. Na taɓa tsiyaya ruwan buta a kan irinsa a gefen wata mashaya: ya kwanta yana ƙyalli, ya gangara, na kankare da farce na tarar ƙarƙashin a bushe ƙamas. A ƙasar rairayi kuma, irin ta Yusufari a Yobe da kudancin Nijar, kofato na sassauta yashi ne, iska ta kwashe lallausar ƙasar da ke riƙe da albarka, tudun yashi ya fara tafiya. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne kewayen rijiya. A yankin Ferlo na Senegal, inda aka haƙa rijiyoyin burtsatse tun shekarun 1950, garake sun daina yin nisa saboda ruwa ya samu duk shekara, kuma kewayen rijiyoyin ne ya fi shan taku da ci.

Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar kusan kilo 6 na busasshen abinci kullum, wato sama da tan 2 a shekara. Amma ciyawar da eka ɗaya ke bayarwa a Sahel tana bin ruwan shekarar ne, ƙimar bana ba ita ce ta baɗi ba. Garken da fage ya ɗauka cikin sauƙi a shekarar ruwa, shi ne zai ƙarar da shi a shekarar fari irin ta 1973 ko 1984. Bayan waɗancan fare-fare an yi ta cewa dabbobi ne suka jawo hamada. Da ruwa ya ɗan dawo, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wurare da yawa sun sake yin kore, masana suka sassauta hukunci. A irin wannan ƙasa, tashi da garke a bi ruwa shi ne ke ba fage hutu, kuma makiyaya sun san haka tun kaka da kakanni.

Abin da ke damuna ke nan. Mun rufe hanyar tafiya, sannan muna tuhumar wanda ya tsaya wuri ɗaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma yau gonaki da gidaje sun cinye burtali da yawa, noman rani kuma ya mamaye bakin rafi. A nan Zariya ruwanmu yana kai kusan milimita 1,000 a shekara, ƙasarmu tana da saurin farfaɗowa, kuma Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na bakin hamada da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, ya sa a gaba. Duk da haka, bi bakin kogin Galma ko na Kubanni a watan Maris ka ga yadda ake matse shanu a ɗan siririn fili tsakanin lambu da lambu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ga shi kuwa a Shika muke da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka daɗe ana aikin inganta ciyawar kiwo.

Dabba kanta ba abokiyar gabar ƙasa ba ce. Iyayenmu har gayyatar Fulani suke yi su sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi. Fagen da bai kai ga zama fako ba, hutun damina ɗaya ko biyu kan tashe shi, matuƙar akwai sauran iri da saiwa. Wanda ya yi ɓawo kuwa sai an fasa shi da hannu. A Nijar suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata a gicciye da gangara don su tare ruwa, su zuba taki, su watsa irin ciyawa, sannan a tsare wurin kada dabba ta shiga sai ciyawar ta zubar da iri.