Wa Ya Auna Ya Ce Ba Ka da Jini?

Kusan kullum sai an zo mini da wannan magana a asibiti: "Malama, ba ni da jini." In na tambayi wanda ya auna, sai a ce ai jiri ake gani, gaba na faɗuwa, jiki ba ƙarfi, tafin hannu ya yi fari. Kafin a iso gare mu an riga an shanye kwalabe na maganin ƙarin jini daga kyamis, an dafa karan dafi, an haɗa Maltina da madara. Wani har ledar ruwa an rataya masa a ɗaki. Mu auna, mu tarar jini yana nan cif. In aka zauna hira sai ka ji bashi ne, ko kuɗin haya, ko rigimar gida ta hana barci.

Damuwa tana taɓa jini, ban musa ba. Idan hankali ya tashi, jiki yana sako sinadarai biyu daga saman ƙoda, adirenalin da kotisol. Adirenalin ke sa zuciya dukan uku-uku, ya matse jijiyoyin fata har hannu ya yi fari ya yi sanyi. Jinin bai je ko'ina ba. To me kwalbar kyamis za ta gyara a nan?

Maza, ku saurare ni. Jininku ya fi na mata yawan jajayen ƙwayoyi saboda sinadarin mazantaka, kuma ba ku haila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar himogulobin, wato sinadarin jajayen ƙwayoyi da muke aunawa don gane ƙarancin jini, a 13 ga namiji. In naka ya gaza haka, akwai inda yake zuba, ko abin da ke cinye shi ko ke hana jiki haɗa shi: gyambon ciki, basir, tsutsar ciki, tsargiya, ciwon ƙoda. Shan magani ba a gano dalili ba zuba ruwa ne a kwando.

Iyayena mata, ku kam ƙarancin jinin yakan zama gaskiya, ga haila ga ciki ga haihuwa a kai a kai. Iyakarku 12, mai ciki 11 (10.5 a watanni uku na tsakiyar ciki). Na sha ganin wadda jininta ya yi ƙasa sosai ana ta ce mata tunani ne ya yi mata yawa. Ita ma awo ne zai raba gardama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna. Sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, wanda aikin kotisol yake yi, har ya fi shi ƙarfi. Fuska ta cika, a ce madalla jini ya dawo. Kumburi ne, wallahi! Bayansa hawan jini da ciwon suga. Haba jama'a, damuwa ta riga ta cika jiki da wannan sinadari, ku kuma ku sayo ƙari da kuɗinku?

Masu sikila, ku na fi ji. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120, taku 10 zuwa 20. Adirenalin yana ƙara mata manne wa bangon jijiya, shi ya sa tashin hankali ke iya tayar da ciwo. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini kuwa, sinadarin ƙarfe ya riga ya taru a jikinsa, kwalbar kyamis cutar da shi za ta yi.

Don Allah:
- A auna jini tukuna, ɗigo kaɗan ne daga yatsa.
- A auna hawan jini ma a wannan zaman.
- Mai ciki ta je awo, ta sha abin da aka ba ta.
- A faɗa mana abin da ke hana barci, ba ma kai shi waje.
- Wanda ya daɗe yana shan haɗin leda kada ya yanke lokaci guda, akwai haɗari. Ya zo da ledar mu gani.