Wai meye bayofuwel, kuma me ya haɗa shi da robar boila?

Kwanan nan 'yan siyasar Turai ba su da zance sai bayofuwel, wato man ƙonawa da ake yi daga tsirrai ko kitse, kamar mai iri ɗaya ne a jarka ɗaya. To ba ɗaya ba ne fa, kuma mai shan wahalar ruɗanin shi ne ɗan ƙauyen Ingila da bututun gas bai iso gidansa ba, kananzir yake ƙonawa a boila ya ɗumama ɗakuna da ruwan wanka.

Akwai FAME, akwai HVO. Duka ana iya yinsu da tsohon man suya, amma halinsu da sil, wato robar nan da ke hana yoyo a famfo da mahaɗar bututu, ya sha bamban. FAME shi ne asalin bayodizal, yana ratsa robar nitrile ya kumbura ta ta yi laushi ta ruɓe, ga shi yana janyo ruwa, sannan ya narkar da dauɗar da ta shekara a gindin tanki ya turo ta filta ta toshe, boila ya mutu tsakar hunturu. Shi ya sa ake cewa a sa robar Viton mai jure shi. In kaga B5 ko B20 a Amurka, ko F30 na Faransa da ya fito 2022, lambar tana nufin kashi nawa cikin ɗari ne FAME a gaurin.

HVO kuma, wato man tsirrai da aka tace da haidurojin, akasin haka yake yi, kuma nan ne abin ke ƙona min rai, don ana tallarsa wai zuba kawai ka kunna. Kananzir na da wasu sinadarai da ke ɗan kumbura roba, tsohuwar sil ta saba da su, da kumburin nan take riƙe mai. HVO ba shi da su, sai robar ta motse, sai kaga ɗigo ɗigo a ƙarƙashin famfo alhali man bai ci komai ba. Sabuwar roba ba ruwanta, tsohuwar da ta sha kananzir shekara da shekaru ce ke bada kunya.

Ni dai a ganina HVO ya fi hankali, amma duk mai ce maka ba sai an taɓa komai ba kasuwa yake nema. A gwajin da OFTEC, ƙungiyar masu sana'ar ɗumama gida da mai, ta yi a gidajen Birtaniya ma sai da masu gyara suka canza bakin fesa mai suka sake saita famfo kafin a kunna.