Mene ne "rini mai ɗorewa"?

Duk Bahaushen da ya ji an ce "rini mai ɗorewa" zai ɗauka launin da ba ya zuba ake nufi, wanda za a wanke zane sau goma shuɗinsa na nan daram. Masu fafutukar kare muhalli wani abu daban suke nufi. A bakinsu ɗorewar ta ruwa ce da ƙasa da lafiyar marini, wato rinin da za a yi ta yi shekara da shekaru ba tare da an kashe kogin da ke bayan masana'anta ba.

Tushen matsalar halin shuni ne. Ba ya narkewa a ruwa. Zuba garinsa a bokiti ka dama har hannunka ya gaji, kwanciya zai yi a ƙasa. Kafin ya kama zare sai an sauya masa siffa a cikin ruwa mai kaifi irin na toka. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga abin da idonsa: ana tsamo zane kore-kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗe shuɗi tun yana ɗiga. To, abin da ake sa wa shuni ya narke, a nan rigimar muhalli take.

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, ganyen baba ake zubawa a rami da toka da katsi (ƙonannen gurɓin tsohon rami), a bar shi kwanaki ya ruɓa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke yin aikin a hankali, marini na motsawa da muciya yana duba kumfa da wari. In rami ya mutu a kwashe gurɓin da ya kwanta, a shanya, a ƙone, ya koma cikin wani ramin. Kusan ba abin da ake zubarwa.

Masana'anta kuwa ba ta da wannan haƙurin. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadarai, kuma yau kusan duk wandon jins na duniya da shi ake rina shi. Launin iri ɗaya ne da na baba, sai dai daga anilin ake sarrafa shi, sinadari mai guba da ake samu daga man fetur. A narkar da shi kuma da sinadaran haidirosalfait da kostik soda cikin mintoci. Ruwan da ke fita yana cin bututu, yana shanye iskar da kifi ke shaƙa. Garin Xintang na kudancin Sin ya shahara da jins, ya kuma shahara da magudanan da suka koma shuɗi.

Yawancin gyare-gyaren da ake yi matakin narkar da shuni suke hari. Wasu na narkar da shuni da lantarki, wasu da sukari da farar ƙasa. A 2019 kamfanin Wrangler ya fitar da jins da aka rina da kumfa a wata masaƙa a Sifaniya, kusan ba ruwan dauɗa. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2018: sun sa bakteriya ta samar da indikan, ainihin sinadarin da ke cikin ganyen baba, wanda yake narkewa da kansa, sai ya hau zare sannan ya zama shuɗi.

Kada a ɗauka duk rinin hannu mai tsabta ne, kuma wannan na damuna. Gonakin baba ba za su iya rina jins ɗin duniya ba, sannan ƙananan marina da dama a garuruwanmu sun koma garin kanti da soda, saboda mai kaya ba ya jiran kwanaki. Yaro ya tsoma hannu ba safa, fata ta tsage, da yamma a tuntsurar da baho a kwatar unguwa, wadda rijiyar maƙwabta ke kusa da ita.