Ko Mormon sun halatta ƙarya don kare addini?

Su wane ne Mormon?

Mabiya cocin da Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka a 1830. Hedkwatarsu tana Salt Lake City, jihar Utah.

Me koyarwarsu ta ce a kan ƙarya?

A rubuce, haramun ce. Littafin Mormon ya yi wa maƙaryaci alkawarin wuta. Ko takardar izinin shiga haikalinsu ba a ba mutum sai shugabansa ya zaunar da shi ya tambaye shi ko yana ƙoƙarin riƙe gaskiya a duk mu'amalarsa.

To daga ina zargin ya fito?

Daga auren mace fiye da ɗaya. Mu a wurinmu ba abin ɓoyewa ba ne, amma a jihar Illinois ta wancan zamani laifi ne a doka. A garin Nauvoo na wannan jihar, Smith ya riƙa ɗaura aure a asirce, a fili kuma ana musantawa. A watan Mayun 1844 ya tsaya gaban jama'a yana mamakin yadda ake cewa matansa bakwai, alhali shi ɗaya yake gani. Wata guda bayan haka aka kashe shi a kurkukun Carthage. Cocin da kansa ya amsa a 2014 cewa matan sun kai 30 zuwa 40, ya kuma kira waccan musantawa magana da aka zaɓi kalmominta a tsanake. Sai a 1852 aka bayyana al'adar a fili. An sanar da dainawa a 1890, amma wasu shugabanni suka ci gaba a ɓoye har aka sake tsawatarwa a 1904. Masu suka sun laƙaba wa wannan hali suna: yin ƙarya don Ubangiji.

Wace hujja masu kare su ke kawowa?

Labarin Annabi Ibrahim da ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce, wanda musulmi ma sun sani. A nassin Mormon, Ubangiji ne da kansa ya umarce shi ya faɗi haka a Masar. Suna cewa mabiyan cocin, da aka taɓa kora daga jihar Missouri da bindiga, ba za su tona wa kansu asiri ba. Akwai kuma maganarsu ta madara kafin nama, wato kada a ɗora wa sabon shiga abin da ya fi ƙarfinsa.

Shugabannin yanzu sun yarda da haka?

Dallin Oaks, cikin manyansu, ya ƙi amincewa a wani jawabi a 1993 cewa ana yin ƙarya don Allah. Sai dai ya raba ƙarya da kame baki: ba kowane abu ne dole ka faɗa ba. A ganina nan gizo ke saƙa, domin wanda ya ce mace ɗaya yake gani bai yi shiru ba, magana ya yi don a fahimci akasin abin da ke akwai.