Bikin fina-finai mai zaman kansa a Abuja

Bikin fina-finai mai zaman kansa taro ne na 'yan kwanaki wanda masu sana'ar fim, ko wata ƙungiya, ko wani kamfani ke shiryawa da kansu, ba da umarnin gwamnati ba. A cikinsa ake nuna zaɓaɓɓun fina-finai, a yi bita, a tattauna matsalolin sana'a, daren ƙarshe kuma a raba lambobin yabo. Jaridun Hausa sun fi kiran sa bikin baje kolin fina-finai, kuma sunan ya dace, domin kamar kasuwar baje koli yake: kowa ya kawo hajarsa, wani ya zo saye, wani ya zo koyo, wani kallo kaɗai ya kawo shi. Abin da ake nufi da zaman kansa shi ne masu shirya bikin su ke zaɓen fim, su ke naɗa alƙalai, su kuma ke yawon neman kuɗin da za a kashe. A Abuja, wanda ya fi daɗewa cikin irin waɗannan shi ne Abuja International Film Festival.

Asali

Al'adar ta faro ne daga Turai. Birnin Benis na Italiya ya fara nasa a 1932, birnin Kan na Faransa a 1946, Balin ta Jamus a 1951. A Afirka, Tunisiya ta buɗe bikin Kartaj a 1966, sai FESPACO da aka fara a Wagadugu a 1969, wanda yanzu ake yi duk bayan shekara biyu, kuma har yau shi ne mafi girman suna a nahiyar.

Nijeriya ta makara. A 1992 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wato NFC, ta shirya bikin fina-finai na ƙasa, wanda daga baya aka raɗa wa suna Zuma, sunan dutsen nan da ke bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja kusa da Madalla. Zuma biki ne na hukuma, a Abuja ake yin sa, a shekarun nan kuma a watan Disamba. Na masu zaman kansu ya zo a 2004, lokacin da darakta Fidelis Duker, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar daraktocin fim ta Nijeriya, ya kafa Abuja International Film Festival. A lokacin fim ɗin bidiyo na tashe a kasuwa, amma manyan bukukuwan waje ba su cika ɗaukar sa a bakin komai ba, saboda ba a kan zaren silima aka ɗauke shi ba. Samar masa dandali a babban birnin ƙasa, inda ofisoshin jakadanci da ma'aikatu suke, hanya ce ta cewa wannan ma fim ne, a zo a gani. Bayansa wasu suka biyo: AFRIFF, bikin fina-finan Afirka na Chioma Ude, a 2010, wanda aka fara a Fatakwal, da iREP na fina-finan gaskiya, wato dokumentari, a Legas a shekarar. A Arewa kuma akwai na Kaduna, da KILAF na Kano wanda ya keɓanta da fina-finan harsunan Afirka.

Jos da Abuja

Ba a fahimtar bikin fim na Abuja sai an waiwayi Jos. Hukumar NFC, wadda aka kafa da doka a 1979, a Jos hedikwatarta take. Can ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, NFI, wadda aka buɗe a 1995 kuma take ba da digiri tare da Jami'ar Jos. Can ne kwalejin talabijin ta NTA, can ne kuma ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa. Tun farkon shekarun 1980 tashar NTA ta Jos ta yi suna da wasan Cock Crow at Dawn, wanda ya nuna wa ƙasa duka cewa duwatsun Filato da sanyinta da hasken ranarta sun dace da kyamara.

Hausawan Jos, waɗanda kakannin da yawa daga cikinsu haƙar kuza ce ta kawo su, sun tashi a gefen waɗannan cibiyoyi. Yaron Gangare ko Anguwar Rogo ko Dilimi yana iya fara riƙe fitila a lokeshin, ya koma mataimakin mai ɗaukar hoto, a ƙarshe ya mallaki kyamararsa. Shi ya sa aka daɗe ana yaba wa 'yan fim na Jos da iya aikin hoto da sauti, ko da Kano ce ke riƙe da kasuwa da taurari. Sani Mu'azu, tsohon shugaban ƙungiyar MOPPAN ta masu shirya fim, ɗan Jos ne. Kenneth Gyang, wanda fim ɗinsa Confusion Na Wa ya ci kambun gwarzon fim a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a 2013, a NFI ya yi karatu. Ali Nuhu ma a Jami'ar Jos ya karanci ilimin labarin ƙasa, kuma a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban NFC.

Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin Jos, sun kuma sa baƙi da masu ɗaukar nauyi suna ɗari-ɗari da garin. Abuja kuwa tana da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, da otal-otal, da gidajen silima na zamani. Sai aiki ya rabu: Jos ta koyar ta adana, Abuja ta nuna. Ɗaliban fim kan cika mota daga Jos, su bi ta Akwanga da Keffi, su zo su kwana wajen 'yan uwa a Nyanya ko Kubwa, don su ga gajeren fim ɗinsu na minti goma a babban allo.

Yadda ake shirya shi

Watanni kafin biki ake fitar da sanarwar karɓar fina-finai. Da can faifai ake aikawa. Yanzu ta intanet ne, galibi ta dandalin FilmFreeway, wani lokaci da ɗan kuɗin shiga. Kwamitin tantancewa ya kalla, ya ware waɗanda za a nuna, alƙalai kuma su zaɓi waɗanda za a karrama. Rukunonin da aka saba gani su ne dogon fim, gajeren fim, fim na gaskiya wanda ake kira dokumentari, zanen motsi, fim ɗin ɗalibai, da fim na harshen gida. A Abuja akwai kuma hedikwatar Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, kuma ita ke ba fim izinin shiga kasuwa.

Daren buɗewa na manyan baƙi ne da jar darduma da jawabai, kuma shi jaridu suka fi ɗauka. Amma ainihin bikin yana tsakiyar mako, da rana, lokacin da kujeru ba su cika ba, darakta ya tsaya gaban mutum talatin ko arba'in yana amsa tambayar me ya sa ya ƙare labarinsa haka. Wannan zama na tambaya da amsa abu ne da kasuwa ba ta bayarwa. A kasuwa, iyakar abin da furodusa zai ji shi ne fim ya karɓu ko bai karɓu ba.

Bita da ayyukan jama'a

Ga matashin da bai da kuɗin makarantar fim, bita ce ribar biki. Ana gayyato ƙwararru su koyar da rubutun labari, da haska wuri, da ɗaukar sauti, da tace hoto a kwamfuta. Sauti musamman ya cancanci a dage a kansa, domin shi ne ya fi kayar da fina-finanmu: hoto ya fito tas, amma ƙarar janareto da iska sun cinye maganar jarumi. Akwai kuma zaman da ake koya wa mai labari yadda zai gabatar da shi gaban masu kuɗi cikin 'yan mintuna, da zaman haƙƙin mallaka, inda ake bayanin abin da mutum ke sayarwa idan ya sa hannu a takardar gidan talabijin ko manhajar kallo. Mai sana'ar da ya taɓa sallama fim ɗinsa baki ɗaya a kan kuɗin da bai mayar da jari ba ya san darajar wannan zama.

Masu aikin sa-kai su ne ƙashin bayan biki mai zaman kansa. Yawancinsu ɗalibai ne da masu yi wa ƙasa hidima. Su ke tarbar baƙi, su duba tikiti, su kunna na'ura, su ɗauki hotunan da za a watsa a Facebook da Instagram. Ladarsu ita ce sanayya: lambar wayar wani edita, ko alƙawarin a kira su lokeshin.

Inda bukukuwan Abuja ke da sauran aiki shi ne kai fim wurin jama'a. Ana yin yawancin nunin a tsakiyar gari, a manyan kantuna da ɗakunan taro na otal. Bahaushen Abuja da ya fi kowa kallon fim kuwa, mai shayi da tela da ɗan kasuwar Wuse da matar aure a Dei-Dei ko Zuba ko Gwagwalada, yana zaune nesa da nan, kuma kuɗin mota zuwa da dawowa da dare ya isa ya hana shi. Arewa ta san maganin wannan tun zamanin Turawa. Majigi ke nan: mota ta zo da farin ƙyalle da injin wuta, a kafa a ƙofar fada bayan magariba, gari ya taru. Haka aka nuna fim ɗin Baban Larai don jawo manoma ga noman auduga. Na'urar haska fim ta yau ta fi ta wancan lokaci sauƙi da araha, kuma filin makarantar firamare ya wadatar. Bikin da ya ware dare ɗaya ya kai fim unguwa, da sanin mai unguwa, da wurin zaman mata daban, da fim ɗin da ya dace da iyali, zai tara jama'ar da ɗakin otal ba zai taɓa gani ba.

Fim ɗin Hausa a wajen biki

Masana'antar Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta ginu ne a kan kasuwa: kaset, sai faifan CD, sai tashoshi irin Arewa24 da aka buɗe a 2014, yanzu kuma fina-finai masu dogon zango a YouTube. Wannan tsari bai taɓa buƙatar biki ba, don haka furodusoshi da dama ba su saba aika fim gasa ba. Fim mai dogon zango ma ba ya shiga jadawalin awa biyu.

Babban cikas shi ne fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. Alƙalin da bai jin Hausa da ita kaɗai zai auna labari. Idan an ba wanda bai ƙware ba ya yi ta cikin gaggawa, sai habaici ya koma baƙar magana, karin magana ya zama shirme, alkunyar da uwa ke yi wa ɗan fari ta zama kamar ƙiyayya. Fim mai kyau ya faɗi ba don laifin darakta ko jarumi ba. Fassara sana'a ce mai zaman kanta, kuma ya kamata a sa ta cikin kasafin fim tun farko, kamar yadda ake sa kuɗin kyamara.

Harshen kansa kuwa jari ne. A 2019 an cire fim ɗin Nijeriya Lionheart daga takarar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje saboda Ingilishi ya yi yawa a cikinsa. Fim ɗin da Nijeriya ta aika a shekarar da ta biyo baya, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, mafi yawansa da Hausa ne, an ɗauke shi a Taraba, kuma Maryam Booth ta ci lambar AMAA ta mataimakiyar jaruma da shi. A 2024 ma fim ɗin Hausa aka aika, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura.

Kuɗi da labarai

Tikiti ba ya riƙe biki. Ana dogara ne da bankuna, da kamfanonin sadarwa, da cibiyoyin al'adu na ƙasashen waje, da aljihun wanda ya kafa shi. Shekarar da masu ɗaukar nauyi suka janye, sai kwanaki su ragu, baƙin waje su kasa zuwa. A 2020 annobar korona ta rufe gidajen silima na watanni, bukukuwa da dama suka koma nuni da tattaunawa ta intanet.

Sanarwar bukukuwan Abuja kusan duk da Ingilishi take fita. Mai karatun Hausa kan ji labari ne ta mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ko jaridar Aminiya, ko sassan Hausa na gidajen rediyon waje, kuma sau da yawa sai bayan wani ɗan Kannywood ya ɗauko lamba. Ranar rufe karɓar fina-finai da jadawalin bita, waɗanda su ne masu amfani ga ɗan koyo, ba su cika isa gare shi a kan lokaci ba.

Tsofaffin fina-finai

Wani aikin biki shi ne dawo da abin da aka manta. Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. An gano zarensa a ajiyar NFC, cibiyar Arsenal ta Balin ta taimaka aka gyara shi aka mayar da shi na kwamfuta, aka kuma nuna shi a bikin Balin na 2018. Shekara guda bayan haka Jami'ar Jos ta buɗe digiri na biyu kan al'adar fim da adana shi, tare da Jami'ar Goethe ta Farankfot. Aikin da ke jiran waɗannan ɗalibai ba zaren silima kaɗai ba ne. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 a kan kaset aka yi su, kaset kuwa zafi da ƙura da laima na cin sa, kuma da yawa daga cikin na asali suna hannun iyalan furodusoshi da tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano.