Wigan ba garin bakin teku ba ne

Mu dai yawancinmu ta ƙwallo muka san Wigan, tun ranar da ƙungiyarsu ta doke Manchester City da ci 1-0 ta ɗauki kofin FA a 2013. Amma ko a Ingila akwai waɗanda suka daɗe suna zaton garin yana bakin teku ne, saboda wani wuri da ake kira Wigan Pier. Kalmar "pier" tana sa su tuna doguwar gadar shaƙatawa da ke kutsawa cikin teku, irin ta Blackpool.

Sam ba haka ba ne. Wigan tana tsakanin Manchester da Liverpool, kuma sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 20 kafin ka ga teku. Ruwan da ke wurin hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu daga Leeds zuwa Liverpool, mai tsawon mil 127, wadda aka kammala a 1816. Abin da ake kira Wigan Pier ɗan dakali ne a gaɓarta. A da, kekunan kwal kan zo kan dogo daga ramukan haƙar kwal, a kifar da su, kwal ya zube cikin kwale-kwalen dako. Ƙura ce da baƙin hayaƙi, ba wurin shan iska ba. An rushe dakalin a 1929.

Abin da ke damuna da wannan kuskure, yana shafe gumin mahaƙa da matan masaƙun auduga, irin masaƙar Trencherfield da aka gina a 1907, wadda injin tururinta ke nan har yau.